Me ya sa shafina ke ba da 502 bayan wuta ta dawo, alhali sabar ta ce komai na aiki?

Tambayar kamar yadda ta zo: akwai wata kwamfuta a ofis da aka mayar sabar, tana ɗauke da Ubuntu 24.04, nginx mai karɓar masu ziyara a gaba, Gunicorn mai gudanar da manhajar da aka rubuta da Django a tsakiya, rumbun bayanai na PostgreSQL a baya. Duk sanda aka ɗauke wuta batirin ya ƙare ta mutu, idan ta sake tashi sai shafin ya riƙa nuna 502 Bad Gateway. Mai tambayar ya duba `systemctl status postgresql` ya ga kore, an rubuta active. Da ya sake kunna Gunicorn da hannu, komai sai ya daidaita nan take. Yana so ya san me ke faruwa, da yadda zai daina zuwa ofis da sassafe don buga umarni ɗaya.

Malam, sabar ɗinka lafiyarta ƙalau, kuma babu wanda ya yi maka ƙarya a cikin manhajojin nan. Kowacce ta amsa tambayar da aka yi mata ne, kai kuma wata tambayar kake nufi. Kana tambayar ko rumbun bayanai ya shirya karɓar aiki, shi kuma systemd, mai kunna manhajoji idan na'ura ta tashi, yana gaya maka cewa an kunna shi. Mai shayi ya ɗaga rumfa ya kunna risho, daga nesa za ka ce ya buɗe, amma ruwan bai tafasa ba. Wanda ya zo a wannan tsakanin ba zai sha komai ba. Gunicorn ɗinka shi ne ya zo da wuri, ya tarar babu shayi, ya yi fushi ya tafi bai dawo ba.

Bari mu fara da koren da ka gani, don shi ya fi ruɗa mutane. A Debian da Ubuntu, `postgresql.service` ba shi ne rumbun ba. Inuwa ce kawai da aka ajiye don a iya kunna ko kashe dukan rumbunan da ke kan na'urar da umarni ɗaya. Ka sake dubawa da kyau, za ka ga kusa da active an rubuta exited, wato ya gudu ya gama ya fita. Ko rumbun ya mutu murus, wannan layin zai ci gaba da zama kore. Na gaskiyar sunansa `postgresql@16-main.service`, tunda 16 ne ke zuwa da Ubuntu 24.04, kuma `pg_lsclusters` zai nuna maka halin da yake ciki. Na ga ƙwararru sun ɓata rabin yini suna zargin nginx saboda wannan koren.

To me PostgreSQL ke yi a wannan lokacin? Duk canjin da aka yi a rumbun, kafin ya shiga ainihin fayilolin bayanai, ana fara rubuta shi a wani kundi da ake kira WAL. Daga lokaci zuwa lokaci, bisa al'ada duk minti 5 ko idan kundin ya doshi gigabait 1, sai ya sauke abin da ke cikin RAM zuwa faifai ya sa alama cewa daga nan baya komai ya zauna. Idan wuta ta yanke, abin da ke cikin RAM ya tafi. Da ya tashi sai ya ga ba a kashe shi ta hanyar da ta dace ba, ya koma alamar ƙarshe, ya bi kundin layi-layi yana maimaita duk abin da aka yi bayanta. Kafin wannan ma yakan zagaya dukan fayilolin rumbun ya tabbatar sun sauka a faifai, kuma a tsohon faifai mai juyawa wannan zagayen kaɗai yana cin lokaci. Wannan aikin shi ne dalilin da ya sa ba ka taɓa rasa rasit ɗin da aka riga aka tabbatar ba duk yawan ɗauke wutar nan, don haka kada ka ga laifinsa.

Yayin da yake wannan, ƙofarsa ta 5432 a buɗe take. Duk wanda ya ƙwanƙwasa zai samu amsa, amma amsar kora ce irin `FATAL: the database system is starting up`, mai lambar kuskure 57P03. Buɗe `/var/log/postgresql/postgresql-16-main.log` ka nemi lokacin da wuta ta dawo. Za ka ga layin da ke cewa `database system was not properly shut down; automatic recovery in progress`, sai `redo starts at`, sai `redo done at`, a ƙarshe `database system is ready to accept connections`. Tazarar da ke tsakanin layin farko da na ƙarshe ita ce ramin da Gunicorn ke faɗawa. Idan ka kashe na'urar da kanka ta hanyar da ta dace, tazarar ba ta wuce daƙiƙa ɗaya ko biyu ba, shi ya sa matsalar ba ta bayyana sai an ɗauke wuta.

Sai Gunicorn. Tsarinsa uba ne da ma'aikata: uban yana buɗe ƙofa, ya haifi ma'aikata, kowane ma'aikaci ya loda manhajarka. Django shi kansa ba ya taɓa rumbu a lokacin lodawa, sai buƙata ta farko ta zo. Amma ina da yaƙinin akwai wani wuri a lambarka da ke karanta rumbu tun a lokacin lodawa, wataƙila a cikin `ready()` na wani app, ko wani layi a saman `models.py` da ke ɗauko jerin sassa ko saituna. Ko kuma ka sa `migrate` ya gudu kafin Gunicorn. Idan ma'aikaci ya faɗi tun a lodawa, uban ba ya ta haifar wasu har abada. Yana rubuta `Worker failed to boot`, ya rufe komai, ya fita da lamba 3.

Daga nan abu ya koma hannun systemd, kuma hanya biyu ce. Idan ba ka rubuta `Restart=` a fayil ɗin sabis ɗin ba, ba zai sake kunna shi ba, shi ke nan. Idan kuma ka rubuta `Restart=on-failure` kamar yadda yawancin darussa ke koyarwa, ka shiga wani tarkon da ya fi wancan ban haushi. Jiran da systemd ke yi kafin sake kunnawa, idan ba ka canza ba, kashi ɗaya ne cikin goma na daƙiƙa. Kuma yana da ƙa'idar cewa sabis ɗin da aka kunna fiye da sau 5 cikin daƙiƙa 10 ya haukace, a ƙyale shi. Ka ga lissafin: Gunicorn ya tashi ya faɗi, ya tashi ya faɗi, cikin 'yan daƙiƙu ya cinye damarsa biyar, systemd ya rubuta `Start request repeated too quickly` ya juya baya. Bayan rabin minti PostgreSQL ya gama gyaransa ya zauna yana jira, babu wanda ya zo. Ka zo da safe ka buga umarni, ya yi aiki nan take, har ka fara tunanin ko na'urar ta san hannunka ne.

nginx kuwa gaskiya tsagwaronta yake faɗa. 502 na nufin ya je wurin na bayansa an ƙi karɓarsa ko an ba shi amsar da ba ta da kai, kuma a `error.log` za ka ga `111: Connection refused`, ko kuma cewa fayil ɗin soket ɗin babu shi. Da Gunicorn na raye amma ma'aikatansa sun maƙale, 504 za ka gani bayan jiran daƙiƙa 60. Bambancin nan yana da amfani ƙwarai wajen bincike, domin da zarar manhaja ta buɗe ƙofa, kanel, wato zuciyar Linux, shi ne ke karɓar masu shigowa ya jera su a layi, ko manhajar ba ta leƙo ba. Saboda haka gwajin "ƙofa a buɗe take?" da ake yi da `nc` ko `telnet` ba ya gaya maka komai game da shiri. Kanel ne ya amsa sallamar, mai gidan yana iya kasancewa yana barci.

Ka tabbatar da wannan kafin ka taɓa komai. Bayan ɗauke wuta na gaba, kada ka yi saurin gyarawa, fara buga `journalctl -b -u gunicorn -o short-precise` ka ajiye lokutansa kusa da na log ɗin PostgreSQL. Idan mutuwar Gunicorn ta faɗo tsakanin layukan nan biyu, bincike ya ƙare.

Abin da kowa ke fara ba da shawara shi ne a ƙara `After=postgresql.service`. Ka ƙara, yana da kyau, amma ka san iyakarsa. `After=` jeri kawai yake tsarawa, yana cewa kada a kunna wannan sai wancan ya gama tashi. Ma'anar "gama tashi" kuma ta dogara da nau'in sabis ɗin. A `Type=simple`, wanda shi ake samu idan ba a rubuta komai ba, systemd na ɗaukar sabis ya tashi da zarar ya ƙaddamar da shi, tun kafin manhajar ta karanta saitinta. A `Type=forking` sai uwar manhajar ta fita ta bar 'yarta a baya, wanda shi nginx ke amfani da shi a Ubuntu. `Type=notify` ne kaɗai ke jiran manhajar ta buɗe baki da kanta ta aiko da `READY=1`. A ganina duk manhajar da ke iya wannan, a sa ta yi, domin babu wanda ya san ta shirya in ba ita ba. PostgreSQL ya iya tun sigar 9.6 idan an gina shi da wannan damar, Redis, wani rumbun da ke riƙe bayanai a RAM, ya iya ta hanyar `supervised systemd`, Gunicorn ma ya iya. Sai dai shi Gunicorn uban ne ke aika saƙon da zarar ya buɗe ƙofa, kafin ma'aikata su loda manhajarka, sai fa idan ka sa `--preload`.

Ko a wajen PostgreSQL ɗin ma jerin bai ba ka tabbaci ba. Umarnin `pg_ctl` da ke kunna shi yana jira ne daƙiƙa 60, idan gyaran bai ƙare ba ya haƙura ya fita, rumbun kuma ya ci gaba da aikinsa a baya. Masu shirya kunshin Debian sun sa systemd ya kau da kai daga wannan gazawar da gangan, don kada a kashe rumbu yana tsakiyar gyara. Hukunci ne mai kyau, amma sakamakonsa shi ne ranar da gyaran ya yi tsawo, za a saki Gunicorn ya tashi ruwan bai tafasa ba.

Ga abin da zan sa a fayil ɗin sabis ɗin Gunicorn:

```
[Unit]
Wants=postgresql.service
After=postgresql.service
StartLimitIntervalSec=0

[Service]
Type=notify
ExecStartPre=/usr/bin/pg_isready -q -h 127.0.0.1
Restart=on-failure
RestartSec=5
```

`pg_isready` ƙaramin umarni ne da aka yi don wannan tambayar takamaimai. Yana fita da 0 idan rumbun na karɓar baƙi, 1 idan yana raye amma yana korarsu kamar lokacin gyara, 2 idan babu amsa sam, 3 idan bai ma gwada ba saboda ka ba shi bayanin da bai dace ba. Idan ya fita da wani abu ban da 0, tashin ya gaza, systemd ya jira daƙiƙa 5 ya sake gwadawa. Da `RestartSec=5` kaɗai ma ba za a taɓa kai sau 5 cikin daƙiƙa 10 ba, amma na rubuta sifilin a sama don wanda zai gaje ka ya ga da niyya aka yi. Ka lura `pg_isready` ba ya duba kalmar sirrinka ko sunan rumbunka, yana gaya maka halin sabar ne kawai. Na kuma zaɓi `Wants=` a kan `Requires=` da gangan, domin da `Requires=` duk sanda ka tsayar da rumbun don wani aiki zai ja Gunicorn su tafi tare.

Wannan zai hana ka zuwan sassafe. Amma gyaran da ya fi muhimmanci yana cikin lambarka: ka nemo wurin da ke karanta rumbu a lokacin lodawa ka mayar da shi cikin aikin da ake kira sa'ad da ake buƙata. Rumbu ba a lokacin tashin na'ura kaɗai yake ɓacewa ba. Sabuntawar tsaro za ta sake kunna shi da tsakar rana, faifai zai cika, wata rana za ka mayar da shi wata na'urar daban inda `After=` ba ya da wani iko. Manhajar da za ta iya tashi babu rumbu, ta ce wa mai ziyara a dakata, ta kuma ci gaba da kanta idan ya dawo, ta huta da duk waɗannan.

Akwai wani gyaran da nake roƙonka kada ka yi, don na taɓa tarar da shi. Wata makaranta ce, shafin duba sakamako, ranar da iyaye suka fi matsawa. Wanda ya kafa musu sabar ya sa wani ɗan rubutu a cron, mai gudanar da umarni bisa jadawali, da ke gwada rumbun duk minti ɗaya, idan bai amsa ba ya sake kunna shi. Niyya mai kyau. Wuta ta yanke ana tsakiyar loda makin ɗalibai, kundin WAL ya taru, faifan kuma tsoho. Rumbun ya fara gyara, minti ya cika, cron ya kashe shi. Ya tashi ya koma alamar baya ya sake farawa, minti ya cika, aka sake kashe shi. Da na buɗe log ɗin, `redo starts at` ne jere reras da lamba iri ɗaya, babu `redo done` ko ɗaya. Shugaban makarantar na tsaye a kaina yana tambaya ko bayanan sun ƙone. Na sa alamar # a gaban layin cron ɗin, muka zauna muna kallon allo ba mu taɓa komai ba, kafin a kawo mana ruwa rumbun ya buɗe. Littafin PostgreSQL ma ya yi gargaɗi a kan irin wannan game da systemd, wanda ke kashe sabis ɗin da bai shirya cikin daƙiƙa 90 ba, ya ce a cire wa rumbu wannan wa'adin gaba ɗaya. Daga sigar 15 kuma yana rubuta inda ya kai duk daƙiƙa 10 idan gyaran ya yi tsawo, don mai jira ya san ana motsi. A irin wannan halin ne mutane ke firgita su goge `postmaster.pid` ko su buga `pg_resetwal` saboda wani ya ce ya yi masa aiki. Na biyun yana zubar da kundin da ake gyaran da shi ne, kuma abin da ya zube ba ya dawowa.

Darasin makarantar nan shi ne dalilin da ya sa Kubernetes, tsarin da ke kula da manhajoji a kan sabar da yawa, ya raba gwajin lafiya gida uku: ko manhaja na da rai, ko ta shirya karɓar aiki, ko har yanzu tashi take yi. Wadda ta faɗi gwajin rai kashe ta ake yi, wadda ta faɗi gwajin shiri kuwa daina tura mata baƙi kawai ake yi. Ba sai kana da Kubernetes za ka ari wannan ba. Yi adireshi biyu a Django. Na farko ya mayar da 200 ba tare da ya taɓa komai ba, na biyu ya aika `SELECT 1` ga rumbu, ya mayar da 503 idan bai samu amsa ba. Duk abin da ke da ikon kashe manhajar, na farkon kaɗai zai duba. Idan ka haɗa gwajin rai da rumbu, ranar da rumbun ya yi tari za a bi manhajojinka lafiyayyu a karkashe su.

Idan wata rana ka ƙara Redis, halinsa ɗaya ne: yana buɗe 6379 ya riƙa amsa `LOADING` har ya gama ɗebo bayanansa daga faifai, ko `PING` ka aika. A Docker Compose kuma, mai kunna manhajoji da yawa tare, `depends_on` shi kaɗai jeri ne kamar `After=`, sai ka haɗa da `condition: service_healthy`.

Saura abin da mai ziyara ke gani a wannan rabin mintin. Farin shafi mai 502 yana sa mutum ya ɗauka an rufe ku. Amsar da ta dace da "muna tashi, a dakata" ita ce 503, tare da `Retry-After` da ke faɗin daƙiƙa nawa za a jira, kamar yadda ƙa'idar HTTP ta tanada a RFC 9110 na 2022. A nginx layi kaɗan ne: `error_page 502 504 =503 /dakata.html;` sannan a wurin da ke ba da wannan fayil ka sa `add_header Retry-After 30 always;`. Kalmar `always` ɗin dole ce, in ba haka ba nginx ba ya liƙa kan saƙon a amsar kuskure. Rubuta shafin da harshen mutanenka, layi biyu sun isa. Abin da ba za ka yi ba shi ne ba da shafin haƙuri da lamba 200. Mutum zai karanta ya gane, amma na'urori lambar suke karantawa: injin bincike zai ɗauka abin da shafinka ya ƙunsa ke nan, manhajar waya za ta yi ƙoƙarin fassara shi a matsayin bayanai, mai sa ido kuma zai ce lafiya lau alhali kuna ƙasa.

Tunda muna kan nginx, shi ma yana da nasa tuntuɓen na lokacin tashi, ko da yake bai same ka ba tukuna. Idan ka rubuta sunan wata na'ura a `proxy_pass`, yana neman adireshinta tun a tashi, kuma idan rauta ɗin ofis bai gama farfaɗowa ba zai faɗi da `host not found in upstream`. Sabar da rauta tare suke samun wuta, sabar kuma takan riga shi. Haka idan ka ɗaure shi a wani adireshin IP da bai riga ya hau katin sadarwa ba. `network.target` ba ya alkawarin akwai hanyar sadarwa, wanda ke jiran adireshi shi ne `network-online.target`, kuma sai ka sa shi a `Wants=` da `After=` duka biyu.

Bayan ka gama, gwada shi da mugun yanayi. `reboot` na yau da kullum ba zai nuna maka komai ba tunda yana rufe rumbun cikin mutunci. Ɗauki ajiyar bayananka da `pg_dump` ka kai wata na'urar gwaji, ka sa wani rubutu ya riƙa zuba bayanai a rumbun, sannan a matsayin root ka buga `echo b > /proc/sysrq-trigger`, wanda ke sake kunna na'ura nan take ba tare da sauke komai a faifai ba. Idan ta dawo, kada ka taɓa allon rubutu. Buɗe shafin a wayarka, ya kamata ka ga shafin dakatawa na ɗan lokaci sannan ainihin shafin ya dawo da kansa. Idan kuma batirin da ke riƙe sabar UPS ne mai ƙofar USB, haɗa shi da ita ka sa manhajar NUT, za ta kashe na'urar da kanta idan caji ya yi ƙasa, rumbun ya rufe kundinsa kafin wutar ta yanke.